Allurar ɓargo: Yadda ake haɗa ƙashin da ya ƙi ɗoruwa ba tare da babbar tiyata ba

Yawancin karaya kan haɗe cikin 'yan watanni. Amma akwai wadda za a shekara ana fama da ita, mutum ya ajiye aikinsa, ya sayar da babur ko gona, ƙafar kuma ta ƙi ɗaukarsa. Likitoci kan ce ƙashi ya ƙi haɗuwa idan an kai wata tara, kuma hoton ƙashi bai nuna wani ci gaba ba tsawon wata uku a jere. Ƙashin ƙwauri na cikin waɗanda suka fi yin haka, saboda naman da ya rufe shi kaɗan ne, jini kuma ba ya wadatarsa. Shi ne kuma wanda hatsarin babur ya fi samu.

Maganin da aka saba da shi tiyata ce: a tsaga ƙugu, a yanko ɗan ƙashi, a dasa a wurin karayar. Tana aiki, sai dai raunin ƙugun kan daɗe yana ciwo.

Allurar ɓargo hanya ce mai sauƙi a kan wannan. Likita zai soka allura mai kauri a ƙashin ƙugun majinyacin, ya zuƙo ɓargo, sannan ya zuba shi daidai bakin karayar yana kallon wurin ta na'urar hoto. A cikin ɓargon akwai ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗa su gina sabon ƙashi. Tun da na jikin mutum ne, jiki ba ya ƙin sa. Kaɗan-kaɗan ake zuƙa daga wurare da dama, domin idan aka ja da yawa daga wuri guda, jini ne zai cika sirinjin.

A 1991 likitan ƙashi John Connolly na Amurka ya ba da rahoton majinyata 20 masu karayar ƙwauri, 18 suka warke. A 2005 Philippe Hernigou na asibitin Henri Mondor da ke kusa da Paris a Faransa ya tace ɓargon da injin da ke ware ƙwayoyin, ya yi wa mutum 60 allurar, 53 suka haɗe. Abin lura shi ne, bakwai ɗin da ba su warke ba su ne waɗanda ƙwayoyin da aka zuba musu suka yi ƙaranci. Ke nan ba yawan ɓargon ne ke aiki ba, ƙarfinsa ne.

Sai dai ba kowace karaya take karɓa ba, kuma a nan ne matsalarmu take. Dole wurin ya zama babu mugunya, giɓin ƙarami, ƙashin kuma a miƙe, an riƙe shi da filasta ko ƙarfe. Da yawa daga masu zuwa asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano sai sun shafe watanni a gidan mai ɗori, ƙafa ta karkace ko rauni ya ruɓe. Irin wannan sai an fara kashe cutar, an gyara zaman ƙashin, allura kaɗai ba za ta yi komai ba.

Shan sigari da ciwon suga da ba a kula da shi ba suna rage nasararta. Wanda ya kai wata uku zuwa huɗu yana jin wurin karayar na motsi ko ciwo idan ya taka, ya nemi a ɗauki hoton ƙashin, ya kuma tambayi likita ko irin karayarsa za ta karɓi allurar.