Ramin ƙwaro a jikin wake ba shaidar lafiya ba ce

Tun bayan bidiyon da ya yaɗu a 2018, wanda ya nuna ana zuba wa wake maganin Sniper a Legas, wata al'ada ta samu gindin zama a kasuwannin Kudu. A kasuwar Ose ta Anaca, ko Mile 3 a Fatakwal, ko wajen 'yan hatsinmu na Inugu, mai saye zai damƙi wake ya baza a tafin hannu yana neman rami. In ya ga ƙwaro yana yawo hankalinsa ya kwanta, wai ba a sa guba ba. Wasu matan kuma sun dogara da cewa in an surfa wake an wanke ɓawon don ƙosai ko alala, magani ya bi ruwa. Duk maganganun biyu kuskure ne, kuma ɓawon da kansa zai nuna haka.

Ɗauki ƙwaya ɗaya ka duba ta a rana. Tabon da mata ke kira hancin wake shi ne inda ƙwayar ta maƙale da kwansonta tana shan abinci daga uwa, kamar cibiyar jariri. Daf da shi akwai wata 'yar ƙofa da ido ba ya gani sosai. Ta wannan gefen ruwa ke saurin shiga in an jiƙa. Ke nan ɓawo ba rufi ne da ya toshe ko'ina ba. Sinadarin diklobos, wanda ke cikin Sniper da fiya-fiya, yana tashi ya zama tururi ya ratsa buhu, ba a saman fata kaɗai yake tsayawa ba. Surfe da dafuwa suna rage shi, amma ragi ba tabbaci ba ne.

Sake dubawa, za ka iya ganin ɗige-ɗige farare manne da ɓawon. Ƙwan ƙwaro ne. Macen takan liƙa shi a jikin ƙwaya, ta fi ma son mai santsin ɓawo. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe tana huda ɓawo ta ƙarƙashin ƙwan, ta shige ciki ta yi ta ci. Cikin mako uku zuwa huɗu a yanayin zafi sai ta fito da fiffike, ta bar rami zagayayye. Ramin labarin abin da ya wuce yake bayarwa. Ɗan kasuwar da ya ga kayansa sun fara hujewa shi ne ya fi saurin neman kwalbar magani, saboda haka waken da ya huje yana iya zama wanda aka fi jiƙa da guba.

Mun riga mun ɗanɗana kuɗarmu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadari. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa, amma wanda ke shiga kasuwa ya san sanarwa daban, sa ido daban.

Alhali mafita tana hannunmu. Buhun PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana kashe ƙwaro da ƙwansa ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba. Sharaɗinsa wake ya bushe sosai, a ɗaure kowace leda tam, kada a bari ta huje a mota tsakanin Dawanau da gadar Anaca.

Ga shugabannin 'yan hatsi da sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa: sunanmu ne a bakin kowane buhu. Ku sa dokar hana zuba fiya-fiya a wake tun daga wurin lodi, ku hukunta wanda ya karya ta, ko ɗan wane ne.