Wace Manhaja Za Mu Zaɓa Don Shafin Ƙungiyarmu?

'Yan'uwa manoma, mai sayen riɗi ko zoɓorodo da ke Kano ko Legas yakan duba wayarsa kafin ya turo mota Dutse ko kasuwar Shuwarin. Masu ba da rance su ma suna so su ga sunan ƙungiya, da shugabanninta, da aikin da ta yi. Saboda haka shafin intanet yana da amfani ga ƙungiyar manoma. Amma kafin a fitar da ko kwabo daga asusu, sai an zaɓi manhajar da za ta riƙe shafin.

Mece ce wannan manhaja?

Ita ce abin da sakatare zai buɗe ya rubuta sabon farashi, ya sa hoton dabino, ya cire tsohuwar sanarwa, ba tare da ya koyi aikin masanan kwamfuta ba. Masu sana'ar suna ce mata CMS. Iri biyu ce.

Iri na fari kyauta ake ɗauka, amma ƙungiya za ta yi hayar masauki, wato kwamfutar wani kamfani inda shafin zai zauna dare da rana. A nan akwai Drupal da ta fito a 2001, da WordPress a 2003, da Joomla a 2005. Drupal ta fi dacewa da manyan ma'aikatu da jami'o'i, gama tana bukatar gwani. WordPress ce ta fi yawa: fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Don haka samun mai gyaranta ba wuya.

Iri na biyu kuwa, kamfani ne ke riƙe da manhajar da masaukin duka, kamar Wix da Blogger na Google. Farawa da su ba wahala. Amma gidan ba namu ba ne. Shafin da aka gina a Wix ba a iya ɗauke shi a kai wani masauki, sai an sake gini. A watan Maris 2024 kuma Google ta rufe ƙananan shafukan da ta ba 'yan kasuwa kyauta. Zanen aro ba ya rufe katara.

Tambayoyi biyar kafin mu zaɓa

1. Wa zai riƙa sa labari? Kada mu yarda da bayanin baki. A ba sakatare waya, ya gwada sa farashin buhu ɗaya da hoto ɗaya da kansa. In ya kasa bayan an nuna masa sau biyu, wannan manhaja ba tamu ba ce.

2. Shafin yana buɗewa a ƙaramar waya? A gwada shi a ƙauye inda sabis ba shi da ƙarfi, ba a cikin garin Dutse kaɗai ba. Manyan hotuna suna cinye data. A duba kuma ko haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa daidai.

3. Nawa za mu biya kowace shekara, kuma da wane kuɗi? Adireshin shafi da masauki haya ne, ba saye ba. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Wanda ke biya da dala ya ga hayarsa ta ninka sau uku. Adireshin da ya ƙare da .ng yana ƙarƙashin hukumar NiRA, ana kuma biyansa da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su.

4. Mabuɗin yana hannun wa? Wannan ita ce babbar tambaya. Sau da yawa wani saurayi yakan gina wa ƙungiya shafi da sunansa da imel nasa. Ya sami aiki a Abuja, ya canja lamba, haya ta ƙare, shafi ya mutu, adireshin da aka buga a kan buhuna ya zama banza. Lalle ne a yi rajistar adireshi da sunan ƙungiya, kalmar sirri kuma ta kasance a hannun mutum uku, kamar masu sa hannu a banki: shugaba, sakatare da ma'aji.

5. Wa zai riƙa sabunta ta? Manhaja tana tsufa, ɓarayin intanet kuwa tsohuwa suke nema, kamar yadda gara ke bin rumbun da ba a yaɓe ba. An daina gyaran Joomla 3 a watan Agusta 2023, Drupal 7 kuma a Janairu 2025. WordPress ma sai ana sabunta ta a kai a kai. Kowane wata a ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam.

Shawararmu

Ƙaramar ƙungiya da ba ta da kuɗin masauki tana iya farawa da Blogger, amma ta sayi adireshinta na kanta ta haɗa. Blogger tana barin mutum ya kwashe rubuce-rubucensa, don haka ran da aka tashi ƙaura, masu saye za su same mu a adireshin da suka sani. Ƙungiyar da za ta iya biyan haya kowace shekara, WordPress ta fi mata. Ana iya neman taimakon ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutse, amma a rubuta yarjejeniya: ladan aiki, koya wa mutum biyu daga cikinmu, da miƙa kalmar sirri ranar da aka gama.

In kuwa babu wanda zai ɗauki nauyin sa labari, gara mu dakata, mu ci gaba da WhatsApp. Mai saye da ya ga farashin bara a shafinmu, ya yi hayar mota ya zo ya tarar da wani dabam, ba zai sake dawowa ba.

A taronku na gaba, ku karanta tambayoyin nan biyar ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta amsoshin a littafin ƙungiya. Ku ware kuɗin hayar shekara biyu tun da kaka, lokacin da akwai kuɗi a hannu, kafin ku kira mai gina shafi.