Birnin Detroit da Dukiyar Gidauniyoyi

Duk wanda ya so ya fahimci yadda al'amarin gidauniyoyi ya ƙasaita a biranen Amurka, har ya zamana ƙungiyoyin sa kai masu ciyar da mabuƙata, da koya wa matasa sana'a, da gyara kangaye a unguwanni, da yawansu ba su da madogara sai tallafin waɗannan gidauniyoyi, to, ya duba Detroit ta jihar Michigan, domin a can ne abin ya kai matuƙa, maslaharsa da illarsa duka suka fito fili.

Asalin sababin, bushewar baitulmali ce. A 1950 mutanen Detroit sun kai wajen miliyan 1 da dubu 850, albarkacin masana'antun mota. Amma da masana'antun suka tashi, masu hali kuma, galibinsu farar fata, suka koma garuruwan kewaye da harajinsu, sai ƙidayar 2010 ta sami dubu 713 da 'yan kai, alhali kuwa faɗin gari bai ragu ba, tituna da bututun ruwa da fitilu suna nan suna neman gyara. A 2013 Gwamna Rick Snyder ya naɗa wa birnin kantoma, Kevyn Orr, shi kuwa a watan Yuli ya shaida wa kotu cewa birnin ya karye, da bashin kimanin dala biliyan 18 a wuyansa.

Sababi na biyu yana cikin ɗabi'ar gidauniya kanta. Ita ce mafi kusa da abin da malamanmu na fiƙihu suke kira waƙafi, wato dukiyar da aka tsare asalinta, ake ciyar da amfaninta ta hanyar alheri. Dokar haraji ta Amurka kuwa ta wajabta mata fitar da kimanin kashi 5 cikin 100 na dukiyarta kowace shekara. Ke nan kuɗin dole ya fita, ina za shi ne kawai mas'ala. Detroit kuwa tana da hakki a kansa, gama a cikinta aka tara dukiyar da Sebastian Kresge ya kafa gidauniya da ita a 1924, a yankinta kuma aka tara wadda Edsel Ford ya kafa tasa da ita a 1936, ko da yake ta Ford ta koma New York, an kuma daɗe ana zarginta da manta mafari.

Da shari'ar karayar ta yi zafi, masu bin bashi suka sa ido a kan gidan adana zane-zane na birnin, wanda a cikinsa har da aikin Van Gogh, tsofaffin ma'aikata kuma suna fargabar a zaftare musu fansho, sai alƙali Gerald Rosen, wanda aka ɗora wa sulhu, ya tara shugabannin gidauniyoyi. Suka yi alkawarin dala miliyan 366 cikin shekara 20, Ford ta ɗauki 125, Kresge 100. Da aka haɗa da na jiha da na gidan zanen, jimla ta kai miliyan 816. Aka zuba kuɗin a asusun fansho, ragin da aka yi wa ma'aikatan gama-gari ya tsaya a kashi 4.5 cikin 100, zane-zanen kuma suka tsira, sai dai sun fita daga mallakar birni sun koma hannun amintattu. Babu mai adalci da zai raina wannan.

Amma fa a nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya. Magajin gari, komai lalacewarsa, talakawa suna da ranar yi masa hisabi da ƙuri'a. Kwamitin amintattun gidauniya kuwa ba wanda ya zaɓe shi, ba kuma wanda zai tuɓe shi, ga shi kuma, tun da shi ke riƙe da kuɗi, shi ke fifita wata buƙata a kan wata. Jirgin cikin gari na QLine, wanda Kresge tana cikin manyan masu ɗaukar nauyinsa, aka buɗe a 2017, tsawon hanyarsa kilomita 5 ne da kaɗan a kan titin Woodward, inda kasuwa ta riga ta farfaɗo, alhali mutanen unguwannin nesa bas suke jira. A 2014 kuwa, shekarar da aka ceci zane-zane, an yanke wa dubban gidaje ruwa saboda bashi, har ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka zo suka yi tir.

Ƙananan ƙungiyoyin unguwa su ma da nasu ciwon. Tallafin yakan zo na shekara ɗaya ko biyu, a ɗaure da aiki guda, ba hayar ofis, ba cikakken albashi, sai shugaban ƙungiya ya ƙare rabin ƙarfinsa wajen rubuta takardar neman tallafi da rahoto. Wanda ya iya alƙalami kuma yakan riga wanda ya san unguwa samu. Mafi muni, ƙungiya takan karkata manufarta zuwa inda kuɗi ya karkata bana. Ford da kanta ta yarda da wannan aibi, shi ya sa a 2015 ta ware dala biliyan 1 don tallafi mai tsawon shekara 5, wanda ƙungiya take da ikon sarrafa mafi yawansa yadda ta ga ya dace.

Ra'ayina shi ne gidauniyoyi sun kyauta a Detroit, sun cancanci godiya, amma ruwan sha da sufuri da fanshon ma'aikaci hakkoki ne da ke wuyan hukuma, bai kamata a bar su rataye da ganin damar wani kwamiti ba.