Yawon Ɗanɗano: Daga Italiya Zuwa Boɗinga



A biranen Italiya irin su Roma, baƙo kan biya ɗan jagora su taka da ƙafa shago-shago: nan a ɗanɗana cuku, can taliya, gaba giyar inabi, jagora na ba da labarin kowane abinci. Labarin nan shi ake saya.

To ni dai na ce, mu a Boɗinga me muka rasa? Ga fura da nono, ga masa, ga kilishi, zoɓo ya maye gurbin giya. Ga Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Matashin da ya san tarihin garinsu ya samu sana'a, mai fura ma ta yi ciniki.

Ku faɗa mini, daga wace unguwa za mu fara?