Ƙafar Hagun Adriano

A unguwarmu akwai wani shago mai benci biyu da talabijin uku, gidan gem muke ce masa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: wanda aka ci shi zai biya. A nan kuɗin tarana na makaranta suka riƙa ƙarewa, kuma yawanci ƙafar hagun Adriano ce ta cinye su.

A 2006 ne kamfanin Konami na Japan ya fitar da Pro Evolution Soccer 6, wasan ƙwallon da muke bugawa a na'urar PlayStation 2. Kowane ɗan wasa a ciki da makin da aka ba shi, shi kuwa Adriano, ɗan Brazil mai buga wa Inter Milan a lokacin, an ba shi 99 a ƙarfin bugu. In ya samu sarari ko daga nesa ne, gola sai dai ya raka ta da ido. Abin ya kai mai shago ya hana ɗaukar Inter, don an gaji da rabon faɗa. Har yau ina tuna fad ɗin da ke kan tebur na tsakiya, wanda maɓallinsa mai alamar murabba'i ya lotsa saboda danna, an ɗaure wayarsa da salatif. Duk wanda ya faɗa hannunsa ya samu uzuri tun kafin a take.

Konami bai sayi izinin sunayen yawancin kulob ɗin Ingila ba, shi ya sa Liverpool ta koma Merseyside Red, Chelsea kuma London FC. Ba wanda ya damu. A ɓangaren Master League ma da 'yan wasan ƙirƙira ake fara ka, irin su Castolo da Minanda, waɗanda ba a taɓa haifa ba, ka yi ta fama da su har ka tara abin sayen gwanaye. Ni a ganina daɗin wasan ke nan: ƙwallon tana da nauyi, fasin yana iya lalacewa, kuma ɗan mai kuɗi da ɗan mai faci benci ɗaya suke zama, hannu ne kawai ke raba su.

Yanzu kasuwar ta sauya. A 2021 Konami ya mayar da wasan eFootball, kyauta ake saukewa, amma fitowarsa ta farko ta sha dariya saboda fuskokin 'yan wasa da suka karkace kamar an matse su. Abokin hamayyarsa EA, wanda ya fara wasan FIFA tun 1993, ya rabu da hukumar ƙwallon ta duniya, daga 2023 sunan ya koma EA Sports FC. Hoto kam ya yi kyau, har gumin goshi ana gani. Inda nake da ja shi ne Ultimate Team: ka sa kuɗi ka sayi ƙunshin katuna ba ka san wa ke ciki ba, ko gwani ko tarkace. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin wannan ciniki a matsayin caca, kuma a 2019 EA ya daina sayar da makin sayen katunan a ƙasar. Da malaman unguwarmu za a kai wa batun, ba na jin za su daɗe suna nazari.

Kwanan baya na tono tsohuwar na'urata, na kakkaɓe ƙura, na kira ɗan yayata, wanda kullum kansa ke sunkuye kan waya yana haɗa tim. Na bar masa Inter. Minti kaɗan Adriano ya zuba min biyu, ta biyun ma ban ga wucewarta ba. Yaron ya ajiye fad, ya matso kusa da talabijin yana duba makin.

"Kawu, wannan nawa ake sayensa?"