Halin Aikin Ɗalibi da Sashen Injiniyan da Ya Shiga: Wanne Ya Riga Wani?

Duk malamin da ya daɗe a tsangayar aikin injiniya ya san cewa ɗalibai ba hanya ɗaya suke bi wajen aiki ba. In an ajiye wa ɗalibai biyu injin ban-ruwa da ya ƙi tashi, ɗaya zai ɗauki sifana nan take ya shiga kwancewa, ɗayan kuwa sai ya nemi zanen injin ya zauna yana nazari kafin ya taɓa ko noti guda. Haka nan akan ji malamai na cewa ɗaliban sashen gine-gine suna da nasu hali, na lantarki ma da nasu. To, shin halin ne ya kai ɗalibi sashen, ko kuwa sashen ne ya koya masa halin?

A shekarar 1988 wani malamin injiniyan sinadarai a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, Richard Felder, tare da masaniyar halayyar ɗan'adam Linda Silverman, suka wallafa wata maƙala da ta yi tashe. Daga baya aka gina takardar tambayoyi 44 a kan wannan aiki, wadda take auna ɗalibi ta fuska huɗu: mai fara gwadawa ne ko mai fara tunani, mai son abin da ake taɓawa ne ko mai son ƙa'ida, zane ya fi shigarsa ko bayani, mataki-mataki yake fahimta ko sai ya hango abu dungurungum. Ƙorafinsu shi ne, yawancin ɗaliban injiniya masu son zane da gwaji ne, amma koyarwar da ake yi musu lacca ce da lissafi a kan allo.

Kafin su, David Kolb ya riga ya kwatanta ɗaliban fannoni daban-daban. A littafinsa na 1984 ya nuna cewa masu haɗa tunanin ƙa'ida da gwaji a aikace sun fi yawa a cikin injiniyoyi, masu son gina ƙa'ida zalla kuwa sun fi karkata ga lissafi da fizis. Ke nan akwai dangantaka. Sai dai ya kamata mai karatu ya lura cewa matsakaicin hali na rukuni ake nufi. A kowane aji akwai kowane iri, kuma bambancin da ke tsakanin ɗalibai biyu na sashe ɗaya yakan zarce wanda ke tsakanin sassan kansu.

Abin da ya fi wuyar warwarewa shi ne wanne ya haifi wani. Tun a 1969 Kenneth Feldman da Theodore Newcomb suka bayyana cewa ɗan bambancin da ɗalibai ke shigowa da shi yakan ƙara kauri yayin da suke zaune a sashensu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibin gine-gine yakan kwaɓa kankare ya zuba a ƙananan akwatuna, ya jiƙa a ruwa, sai bayan kwana 28 a murƙushe shi a inji don a san ƙarfinsa. In ya yi kuskure wajen awon siminti ko ruwa, wata guda ya tafi. Dole ya koyi duba lissafinsa sau biyu kafin ya fara. Ɗalibin injiniyan kwamfuta kuwa yana rubuta umarni, na'ura ta nuna masa kuskurensa cikin daƙiƙa kaɗan, ya gyara ya sake. A wurinsa yawan gwaji ba ya cin komai, shi ya sa ya saba da shi. Na lantarki shi kuma ba ya ganin abin da yake aiki da shi, sai ta mita da zane, don haka tilas ya yarda da lissafi. Bayan shekara biyar a irin wannan horo, in an raba musu takardar tambayoyi aka ga sun bambanta, ba za a ce da haka aka haife su ba.

A Nijeriya ma akwai ƙarin abin lura. Ɗalibi yakan cike sashen da yake so a takardar JAMB tun yana makarantar sakandare, sau da yawa bisa shawarar iyaye ko jin inda ake samun aiki, kafin ya taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje. Wani kuma makinsa bai kai ba, sai jami'a ta tura shi sashen da bai nema ba. Kalmar "zaɓi" a nan tana bukatar taka-tsantsan. Wata shida na koyon aiki a masana'antu, wanda akan yi a aji huɗu, shi ne yake nuna wa da yawa irin aikin da hannunsu ya fi so, amma a lokacin tafiya ta yi nisa.

Akwai masu ganin sai a yi amfani da takardun auna hali a rarraba ɗalibai zuwa sassa. A ganina wannan ganganci ne. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa uku suka bi diddigin binciken da aka yi, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujja ba cewa daidaita koyarwa da salon da ɗalibi ya ce yana so na ƙara masa fahimta. Felder kansa ya yi gargaɗi cewa sakamakon tambayoyinsa ba ya nuna ko mutum ya dace da wani fanni ko bai dace ba. Malamai ya nufa da su: su riƙa cuɗanya lacca da zane da gwaji, domin mai saurin ɗaukar sifana ya saba da zama kan zane, mai zanen kuma hannunsa ya taɓa baƙin mai.