3.2 Shaidar Sinadarai a kan Asalin Malalar Basal ta Dekan

Malalar basal wani nau'i ne na aman wuta wanda narkakken dutse ke fitowa ta dogayen tsagogin ƙasa, ya bazu kamar ambaliya, ya daskare, sannan wani ya sake zubowa a kansa. Basal shi ne baƙin dutse irin wanda ake gani a tudun Biu, sai dai na Biu bai kai a kira shi malala ba saboda ƙarancinsa. Misalin da wannan sashe ya ɗauka shi ne na Dekan a yammacin Indiya, wanda ya malala kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. A yau yana rufe da fili mai faɗin murabba'in kilomita 500,000, kuma kaurinsa a tsaunukan Gat ta Yamma ya kai mita 2,000.

Tambayar da masana suka daɗe suna jayayya a kanta ita ce, daga ina wannan narkakken dutse mai yawa haka ya fito? Morgan (1971) ya kawo ra'ayin cewa akwai ginshiƙan dutse mai tsananin zafi da ke tasowa daga can ƙasan ɓargon duniya, wato sashen da ke ƙarƙashin ɓawonta. Richards da Duncan da Courtillot (1989) suka ƙara da cewa kan ginshiƙin ne ya haifar da Dekan, jelarsa kuwa ita ce ke hura wutar tsibirin Riyuniyon a Tekun Indiya har yanzu.

To, ba wanda ya taɓa ganin ginshiƙin da ido. Saboda haka dole a koma ga sinadaran da ke cikin dutsen, kuma a nan ne matsalar take. Narkakken dutse kan ratsa ɓawon nahiya kafin ya fito, yana narkar da abin da ya taras, kamar ruwan rafi da ke ɗaukar launin ƙasar da ya bi. Ɓawon nahiya tsoho ne, ga shi cike da rubidiyam, wanda wani nau'insa ke rikiɗewa a hankali ya zama sitironshiyam 87. Idan aka auna wannan da ɗan'uwansa sitironshiyam 86, ana iya gane yawan gaurayen. A shimfiɗar da ake kira Bushe awon ya haura 0.713, alhali a shimfiɗar Ambenali da ke sama da ita bai wuce wajen 0.704 ba. Wato Bushe ta sha ɓawon nahiya ƙwarai, don haka shaidarta a kan asali ba abin dogaro ba ce. Ambenali ce ta fi kusa da yadda narkakken dutsen ya baro tushensa. Wanda ya haɗa awon shimfiɗun biyu ya raba, kamar dai jinsi ɗaya ne, zai sami lambar da ba ta wakiltar ko ɗaya daga cikinsu.

Bugu da ƙari, akwai shaidar iskar hiliyam. Hiliyam 3 yawancinsa tun farkon samuwar duniya yake a kulle can ƙasa. Basu da abokan aikinsa (1993) sun sami yawansa a duwatsun Mundwara, arewa da Dekan, fiye da yadda ake samu a basal na tsakiyar teku. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga masu ra'ayin ginshiƙi, amma tana da iyaka, domin duwatsun Mundwara kaɗan ne, kuma sun girmi babbar malalar. Shi ya sa masana irin su Hetu Sheth na Indiya suka yi musu, suna ganin cewa tsagewar nahiya da narkewar saman ɓargo sun isa su fitar da basal ɗin ba tare da ginshiƙi ba. Abin da ra'ayin nasu ke shan wuyar bayyanawa shi ne jerin tsibiran Lakadif da Maldif da Chagos, waɗanda shekarun duwatsun ƙarƙashinsu ke raguwa daki-daki daga Indiya zuwa kudu, wajen Riyuniyon.